Raket: Daga Filin Tanis Zuwa Gonakin Bakolori

Duk ɗan makarantar da ya buɗe ƙamus na Turanci ya nemi kalmar nan da ake rubutawa "racket", wadda a bakinmu ta zama raket, zai tarar an jera masa ma'anoni waɗanda ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A layin farko za a ce masa wani abu ne mai kama da matankaɗi mai dogon mariƙi, wanda ake buga ƙwallon tanis da shi. A layi na biyu a ce masa hayaniya ce. Can ƙasa kuma sai ya ga an ce wata haramtacciyar sana'a ce wadda gungun mutane ke kafawa domin su riƙa tatsar kuɗi daga jama'a a kai a kai, ko dai ta hanyar zamba ko kuwa ta hanyar tsoratarwa.

A ɗakin jarrabawa, rikita waɗannan ma'anoni ba zai jawo wa yaro asarar da ta wuce maki ɗaya ko biyu ba. Amma a ƙasar Bakolori, watau yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun cikin Jihar Zamfara, akwai dubban manoma waɗanda ba su taɓa riƙe abin buga tanis ba, ba su kuma taɓa jin kalmar ba, alhali kuwa ma'anarta ta ƙarshe ita ce ke yanke hukuncin ko za su girbe abin da suka shuka ko ba za su girbe ba. Su dai sunan da suka san abin da shi shi ne "haraji", wani lokaci kuma "kuɗin sulhu". Bin sawun wannan kalma ta baƙi zai taimaka wa mai karatu ya gane abin da waɗannan sunaye namu suke lulluɓewa.

ABIN BUGA ƘWALLO

Masana asalin kalmomi sun nuna cewa raket ɗin wasa da raket ɗin laifi ba uwa ɗaya ta haife su ba, haɗuwa kawai suka yi a rubutu, kamar yadda a Hausa ake rubuta "fari" a nufi launi, a kuma rubuta "fari" a nufi ɗaukewar ruwan sama.

Na wasan daga Faransa ya fito. Tun wajen ƙarni na 12 Faransawa suke da wani wasa na dukan ƙwallo da tafin hannu, har ma sunan wasan ke nan a harshensu, wasan tafin hannu. Da hannu ya gaji da shan duka sai aka sa safa, daga safa aka koma katako, a ƙarni na 16 kuwa aka sami katako mai baki kewayayye wanda aka saƙe tsakiyarsa da tsirkiya. Masana da yawa suna ganin sunan da Faransawa suka ba shi daga Larabci aka aro shi, daga kalmar "raha", wadda ke nufin tafin hannu, take kuma nufin hutu da jin daɗi. In haka ne, ashe raket da rahar da Bahaushe ke yi da abokinsa a bakin zaure dangin juna ne. Akwai dai wasu masanan da suka ce daga harshen mutanen Filandas kalmar ta fito.

Tanis ɗin da aka sani yau ya kankama ne a Ingila bayan Manjo Walter Wingfield ya yi rajistar ƙa'idojinsa a shekarar 1874, aka kuma fara gasar Wimbledon a 1877. Turawan mulki suka zo da shi kulob-kulob ɗinsu na Kano da Kaduna da Zariya da Jos, daga nan ya shiga makarantun sakandare da barikin soja. Kano ta yi suna da gasar Dala. A 1983 Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, a 2016 kuma Aruna Quadri ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a tanis na tebur a wasannin Olamfik na birnin Riyo. Shi ma ɗan faifan tanis na tebur, a littafin dokokin wasan raket ake kiransa.

Wani abin da zai ba makiyayi mamaki shi ne, tsirkiya mafi tsada da manyan 'yan wasa ke so har gobe daga hanjin shanu ake murza ta. Kamfanin Babolat na birnin Liyon ya fara wannan sana'a tun 1875, kuma sai an haɗa hanjin saniya biyu ko uku kafin a saƙe raket guda.

DAGA HAYANIYA ZUWA SANA'A

Ita kuwa ɗaya kalmar, tun ƙarni na 16 mutanen Ingila ke nufin hayaniya da ita. Zuwa farkon ƙarni na 19 ɓarayin birnin Landan sun mai da ita sunan kowace irin dabara ta cin kuɗin mutane. Wasu na ganin dalilin shi ne 'yan sane kan tayar da hayaniyar ƙarya a cikin taro, hankalin jama'a ya koma can, abokan aikinsu kuma su bi aljihu. Duk wanda ya taɓa ganin faɗan ƙarya a tashar mota ba zai yi musun wannan bayani ba.

Amma a Amurka ne kalmar ta sami nauyin da take da shi yanzu. Tsakanin 1920 da 1933 an haramta sayar da giya a ƙasar, gungun masu fasa-ƙwaurinta suka yi kuɗi, suka tara bindigogi da yara masu jiran umarni. Ba da daɗewa ba suka gane cewa akwai abin da ya fi giya riba. A birnin Shikago sai su kafa abin da suke kira ƙungiyar masu wanki da guga, ko ta masu sayar da kifi, ko ta masu gareji. Su bi shago-shago su ce wa kowa ya shiga ƙungiya, ya riƙa biyan kuɗin wata, domin a kare shi daga ɓata-gari. Wanda ya ƙi, cikin dare a fasa masa gilashi. In ya ci gaba da taurin kai a zuba wa tufafin mutane da ke shagonsa ruwan batir. In bai ji ba a jefa masa bam. A 1927 wata ƙungiyar masu kamfanoni ta birnin, wadda Gordon Hostetter ke yi wa sakatare, ta yayata sunan masu raket a kan waɗannan mutane, jaridu suka ɗauka, sunan ya zauna.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya lura da bambancin ɗan fashi da mai raket, domin shi ne ƙashin bayan maganar. Ɗan fashi sau ɗaya yake zuwa, ya kwashe abin da ya samu ya gudu, bai damu da ko mai kaya zai sake tashi ba. Mai raket kuwa so yake mai shago ya rayu, ya ci gaba da ciniki, ya ci gaba da biya. Hajar da yake sayarwa ita ce kariya, haɗarin da yake kare mutum daga gare shi kuwa shi da kansa ne. An ba kura ajiyar nama ke nan, kuma ana biyan ta ladan gadi. Daɗin daɗawa, mai shago ba daga aljihunsa kaɗai yake biya ba. Yana ƙara kuɗin a kan farashi, ta haka duk wanda ya kai wanki ya zama mai biyan harajin da bai san da shi ba.

Al Capone, uban waɗannan gungu a Shikago, ba a taɓa kama shi da laifin kisa ba, domin ba shi ke riƙe bindiga ba, kuma ba mai ƙarfin halin ba da shaida. Ma'aikatan haraji ne suka bi littattafan kuɗinsa, a 1931 kotu ta ɗaure shi shekara 11 saboda ƙin biyan harajin gwamnati. Sai a watan Oktoba na 1970 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ake kira RICO, wadda ta toshe wannan kafa. A ƙarƙashinta ba lalle ne a nuna cewa shugaban gungu ya harbi wani da hannunsa ba. Ya isa a nuna cewa akwai ƙungiya, ana tafiyar da ita ta hanyar maimaita laifuffuka, aƙalla biyu cikin shekara 10, kuma shi yana cikin masu tafiyar da ita. Hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 20 a kan kowace tuhuma, tare da ƙwace dukiyar da aka tara. Da wannan doka aka gurfanar da shugabannin Mafiya na birnin Niyok, a watan Janairu na 1987 aka yanke wa manyansu ɗaurin shekara 100 kowannensu.

INDA SUKA HAƊU

Ko da yake asalinsu daban, ma'anonin nan biyu sun sha haɗuwa a fili guda. Da asubahin ranar 27 ga watan Mayu na 2015 'yan sandan Suwizalan suka shiga wani babban otal a birnin Zurik suka kama manyan jami'an hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, su 7, bisa roƙon Amurka. Dokar da aka tuhume su da ita ita ce wadda aka yi domin Mafiya. An tuhumi mutum 14 da cin hanci na sama da Dala miliyan 150 wajen sayar da izinin nuna wasanni da tallace-tallace. Kwana 4 bayan an sake zaɓensa, shugaban hukumar Sepp Blatter ya ba da sanarwar zai sauka. Mu ma nan gida mun ga namu ɗan ƙaramin abin kunya a watan Yuli na 2013 a Bauci, inda ƙungiyoyi biyu masu neman hawa rukuni na gaba suka ci abokan karawarsu 79 da babu da kuma 67 da babu a rana ɗaya, har hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta kori 'yan wasan har abada.

Shi kansa tanis bai tsira ba. A 2023 wata kotu a Beljiyam ta ɗaure wani mai suna Grigor Sargsyan shekara 5 saboda ya kafa gungun da ya sayi 'yan wasa fiye da 180 daga ƙasashe dabam-dabam, yana biyan su su faɗi wani sashe na wasa da gangan, 'yan cacarsa kuma su kwashi kuɗi. Bai je wurin taurarin Wimbledon ba. Ƙananan 'yan wasa ya nema, waɗanda ladan da suke samu bai isa kuɗin jirgi da masauki ba, kuma ba mai kallonsu balle ya tsare su. Mai raket ko'ina yake, inda kuɗi ke gudana kuma ido bai kai ba nan yake kafa rumfarsa.

RUWA YA ZO, TSARO BAI ZO BA

Bakolori wuri ne da kuɗi ke gudana. An fara gina madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin mita miliyan 450 na awon murabba'i mai zurfi, an kuma shirya shi domin ya shayar da hekta 23,000 na shinkafa da alkama da masara da kayan lambu, a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu.

Tun farko aikin bai zo wa manoma da sauƙi ba. Ruwa ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane, wasu kuma aka hana su noma shekaru ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, diyyar da aka yi alkawari ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙona ƙauyuka. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu bincike suka ce sun haura 380. Wannan tabo yana da muhimmanci ga maganar da ake yi, domin mutanen da suka fara sanin ƙarfin hukuma ta wannan fuska ba za su yi saurin kai mata kukansu ba.

Bayan haka ma aikin bai cika burinsa ba. Injinan yayyafin ruwa da aka kafa wa hekta 15,000 suka mutu saboda rashin wutar lantarki da kayan gyara, magudanai suka cike da laka da ciyawa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 495 domin shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani a Arewa, Bakolori na cikin manyan wuraren da aka zaɓa tare da Kadawa da Haɗeja da Goronyo da Daɗin Kowa. Aka yashe magudanai, aka gyara ƙofofin ruwa, aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ba kuma za a ce yankin ba shi da manya ba: Ahmad Sani Yarima ɗan Bakura ne, Abdul'aziz Yari ɗan Talata Mafara, Bello Matawalle ɗan Maradun, kowannensu kuwa ya mulki Zamfara.

Sai dai a daidai lokacin da ake gyaran magudanai, daji yana ta lalacewa. Abin da ya faro wajen 2011 da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ya rikiɗe ya zama satar mutane. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an biya fansa fiye da Naira biliyan 3 a kan mutum 3,672, mata 4,983 sun zama zawarawa, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu. A shekarar 2021 kaɗai kowace daga cikin ƙananan hukumomin nan uku ta ga nata rabon: ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta Talata Mafara, a watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar Kaya ta Maradun.

Satar mutane ita ke shiga labarai, amma tana da wahala da haɗari ga mai yin ta: sai ya tsare mutum, ya ciyar da shi, ya yi ta ciniki. Saboda haka 'yan bindiga suka gano abin da mutanen Capone suka gano shekaru 90 kafinsu. Maimakon a ɗauki mutum ɗaya, sai a ɗora wa gari duka kuɗi. Saƙo kan zo ta waya ko ta bakin wanda aka sako, a faɗi adadi, a sa rana. Mai gari da dattawa su zauna su kasa wa kowane magidanci gwargwadon ƙarfinsa, daidai yadda ake kasa haraji a zamanin En'e. Wanda ba shi da kuɗi ya sayar da akuya ko buhun hatsi. A wasu wurare akwai na shiga gona da farkon damina, akwai na girbi da kaka. A wasu kuma ban da kuɗi har da babura da man fetur da katin waya, ko a tilasta wa samarin gari su je su nome gonakin 'yan bindigar kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani kamfanin bincike na Ikko mai suna SBM ya ƙididdige cewa daga 2020 zuwa 2023 manoman Arewa sun biya kimanin Naira miliyan 139 ta wannan hanya, wannan kuwa abin da ya fito a jaridu ne kawai. Yawancin garuruwan da suka biya shiru suke yi, don tsoron daji da kuma tsoron hukuma.

Manomin rani ya fi kowa shiga wannan tarko. Ɗan kasuwa yana iya kwashe kayansa ya koma Gusau ko Sakkwato, makiyayi yana iya kora dabbobinsa ya ƙetare iyaka, amma ba wanda zai naɗe magudanar ruwa ya ɗora a ka. Kafin shinkafa ta nuna, manomi ya riga ya zuba kuɗin iri da taki da magani da ƙwadago, sau da yawa da bashi. Kowa ya san watan da za ta nuna, kowa ya san hanyar da motar ɗaukar buhu za ta bi. Wanda ya zo da barazana saura mako biyu a yi girbi ya san ba za a yi masa dogon ciniki ba. Ya kamata a faɗa kuma cewa ba manoma kaɗai ke biya ba. Fulani makiyaya da ba su ɗauki makami ba su ma ana ɗora musu nasu, da shanu suke biya, ga kuma 'yan sa-kai da ke yi musu kallon abokan 'yan bindiga.

Akwai wuri ɗaya da kwatancin Shikago ya gaza, kuma gazawar ta fi cutar da talaka. A can kowace unguwa da ubanta, wanda ya biya ya sami lafiya. A dajin Zamfara kuwa dabobi ne barkatai, kowace da kacallanta. Garin da ya biya wannan a watan Yuni, wancan yana iya afka masa a watan Agusta, ba kuma inda za a kai ƙara.

SUNAN DA AKE KIRAN ABU

Me ya sa ake kiran wannan abu haraji? Domin ya yi kama da shi a tsari: akwai adadi, akwai lokaci, akwai masu tarawa, akwai hukunci ga wanda ya ƙi. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Charles Tilly, ya rubuta wata maƙala a 1985 wadda ɗaliban kimiyyar siyasa suka sani, inda ya nuna cewa gwamnatocin Turai da kansu ta irin wannan hanya suka faro, sarakunan yaƙi suna karɓar kuɗi da sunan kariya. Abin da ya raba hukuma da mai raket daga baya shi ne, hukuma tana kare mutum daga haɗarin da ba ita ta ƙirƙira ba, kuma mai biya yana da bakin tambayar inda kuɗinsa ya tafi. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna. Bayan shekara 40 sai ga su sun dawo ta cikin daji, ba rasit, ba asibiti, ba makaranta.

Sunan yana da illa, domin mai karɓar haraji hukuma ne, kuma abin da 'yan bindigar ke nema ke nan. A yankin Sabon Birni na Jihar Sakkwato an ba da rahoto a 2021 cewa sun tuɓe masu gari sun naɗa nasu. A watan Yuli na 2022 masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa wa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da sarkin. Watanni uku kafin nan an tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hannu a harkar. Haka nan kalmar sulhu. Sulhu na gaskiya alheri ne, kuma akwai ƙorafe-ƙorafen makiyaya na gaske, na burtali da mashaya da zaluncin alƙalai, waɗanda sai an zauna za a warware su. Amma yarjejeniyar da gefe ɗaya ke biya duk kaka, ɗaya gefen kuma yana riƙe da bindigarsa, kuɗin wata ne irin na masu wankin Shikago.

Gwamnatoci sun gwada hanyoyi iri-iri. A 2019 an yi sulhu, aka sami sauƙi na 'yan watanni. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka, matakin da ya matsi 'yan bindiga ya kuma matsi talaka. A watan Nuwamba na shekarar Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. A Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaure mai biyan fansa shekara 15, shawarar da mutanen karkara suka ji kamar an ce a hukunta wanda kura ta ciza. Gwamna Dauda Lawal, da ya hau a 2023, ya ce ba zai yi sulhu ba, ya kuma ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairu na 2024. A watan Satumba na 2024 sojoji suka kashe Halilu Sububu, wanda ya ɗauki sunansa daga Sububu ta ƙasar Maradun, ya kuma yi ƙaurin suna wajen safarar makamai da haƙar zinariya. An yi murna ƙwarai. Amma a cikin watan nan dai jaridu suna ɗauke da labarin Naira miliyan 30 da Bello Turji ya ɗora wa mutanen Moriki. An sare reshe, kasuwar tana nan tana ci.

Abin da tarihin kalmar ke nunawa ke nan: raket kasuwanci ne, yana da masu kawo kaya, da dillalai, da ma'aji. Kuɗin da aka tara a ƙauye ba a daji yake ruɓewa ba. Yana fita ya sayo babura da mai da magunguna da harsasai, shanun sata suna shiga mota su isa kasuwa, zinariya tana da mai saye, kuma a kowane gari akwai infoma da ya faɗi wanda ya sayar da shinkafa jiya. Italiya ta yi wannan karatu da jini. A 1982 ta mai da zama ɗan Mafiya laifi a kan kansa, ta ba kotu ikon ƙwace dukiya. A 1991 wani mai masaƙa a birnin Palamo, Libero Grassi, ya rubuta a jarida cewa ba zai biya kuɗin kariya ba. 'Yan'uwansa 'yan kasuwa suka zame suka bar shi shi kaɗai, ranar 29 ga Agusta aka harbe shi a bakin titi. Bayan mutuwarsa ne aka kafa asusun biyan diyya ga wanda aka ɓarnata wa dukiya don ya ƙi biya, a 2004 kuma matasan birnin suka kafa ƙungiyar Addiopizzo, inda ɗaruruwan masu shaguna ke ƙin biya tare, a fili, da 'yan sanda a bayansu. Ba wanda ke da ikon cewa manomin Bakura ya yi jarumtar Grassi alhali ofishin 'yan sanda mafi kusa da shi yana da nisan tafiyar awa guda.

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sababbin dokoki uku, ta hana ta'addanci, da ta hana halatta kuɗin haram, da ta ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Aikin da ya rage na masu bincike ne da lauyoyin gwamnati da alƙalai da ma'aikatan kasuwa da na banki, watau irin mutanen da ke karanta wannan shafi, kuma aiki ne na takarda da haƙuri irin wanda ya kai Capone kurkuku.

Ma'aikacin da ke auna shinkafar gida a kasuwar Gusau ko ta Talata Mafara ran da albashi ya shigo, cikin kuɗin kowace tiya akwai na iri da taki da kuɗin ruwa da na mota, akwai kuma wani kaso da ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Gonar da mai ita ya gudu ya bari kuwa ba ta kawo komai kasuwa, sai dai ta ƙara wa abin da ya samu isowa tsada. Shi kuma rancen Dala miliyan 495 da aka gyara magudanai da shi, daga baitulmalin tarayya za a biya shi, ko an noma hektocin ko ba a noma ba.